Likita Mila: Baturen da ya yi shekara 50 a ƙasar Hausa bai sauya alƙibla ba

A majami'un Galmi da Madawa da wasu garuruwan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, da Hausa ake karanta Littafi Mai Tsarki duk ranar Lahadi. Sai dai kaɗan ne daga cikin matasan da ke sauraro suka san mutumin da ya jagoranci fassara littafin gaba ɗayansa karon farko, wato Walter Miller, wanda aka fi sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Maimakon ya zauna ya ci moriyar sana'arsa, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya inda ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata.

A 1900 ya biyo tawagar Bishop Tugwell zuwa Kano. Sarki Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ciwo ya kashe ɗaya daga cikinsu, sauran kuma suka watse. Mila ya sake dawowa, kuma a 1905 ya kafa gida da ɗakin shan magani da makaranta a cikin birnin Zariya.

Matsi ta ko'ina

Zamani ne na zaman ɗar-ɗar. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jama'a na kallon kowane farar fata a matsayin ɗan leƙen asirin masu mulki. Malamai da iyaye ba su yarda 'ya'yansu su kusanci makarantarsa ba, don tsoron kada a raba su da addininsu.

Abin mamaki shi ne, 'yan uwansa Turawa ma ba su ba shi fuska ba. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, waɗanda suka gaje shi kuwa suka ƙara tsaurara dokar hana wa'azin mishan a masarautu. Mila ya kai shawarar a buɗe wa 'ya'yan sarakuna makarantar boko, amma gwamnati ta miƙa aikin ga Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909, ba tare da koyar da Kiristanci ba.

Shi ma Mila ba mai sauƙin kai ba ne. Yana da kaifin harshe, ya soki sarakuna da jami'an mulkin mallaka, ya kuma yi wa Musulunci kalaman da suka ɓata wa Musulmi rai. Ƙorafe-ƙorafen da ya riƙa kaiwa kan Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi na cikin abubuwan da ake dangantawa da tuɓe sarkin da kai shi Lakwaja.

A 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiya wata tsohuwar aƙida mai fifita Annabi Isa, suka nemi Mila da kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ya zama kamar wahalarsa ta fara biya. Ba a jima ba ciwon barci ya afka wa ƙauyen, ya kashe mutane da dama, aka kwaso marayu zuwa Zariya.

Wani da ya ga haka sai ya tattara ya koma gida. Mila bai tafi ba. Ya ci gaba da duba marasa lafiya, da koyar da yaran da suka rage, da zama kan fassara tare da Hausawan da ke gyara masa harshe.

Rabuwa da Zariya

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa. Mila bai so hakan ba, domin a ganinsa wurin mai wa'azi yana cikin mutane ne. Ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya sa a gaba, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko a 1932, tare da gudummawar wasu ƙungiyoyin mishan.

Littafin ya tsallaka iyaka. Mishan ta SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924 da Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, kafin ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da Hausa ta yi aikinta a waɗannan yankuna. Daga baya an sabunta fassarar, amma ta 1932 ce ta share fage.

Idan yawan mabiya ne ma'auni, Mila bai samu abin da ya zo nema ba, domin har ya mutu ƙasar Hausa na nan a kan Musuluncinta. Amma daga 'yar al'ummar da ya rena aka samu Dokta Barau Dikko, likitan boko na farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A Wusasa ne kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon suka yi karatun farko.

Ya ajiye aiki da CMS a tsakiyar shekarun 1930, ya koma Ingila, amma zaman bai yi masa ba. Ya dawo Najeriya, ya yi sauran kwanansa yana koyarwa da rubuce-rubuce a yankin Jos, inda ya rasu a 1952 yana da shekara 80.