JULIO CESAR GONZALEZ: ƊAN DAMBEN MEKSIKO DA YA KARƁO SARAUTA A GIDAN MAI ITA

Ƙasar Meksiko ta daɗe da yin suna a fagen damben zamani, amma kusan dukkan zakarun da ta haifa ƙananan mutane ne masu sauƙin nauyi da zafin hannu, irin su Vicente Saldivar da Ruben Olivares da Salvador Sanchez da Julio Cesar Chavez. A ajin manya kuwa, watau ajin da nauyin ɗan dambe ba ya wuce laba 175, kimanin kilo 79 ke nan, ƙasar ta yi shekara da shekaru ba ta ga kambin duniya ba. Wannan aji shi ne wanda marigayi Dick Tiger na Nijeriya ya riƙe sarautarsa daga 1966 zuwa 1968. Wani ɗan asalin Meksiko mai suna Yaqui Lopez ya nemi sarautar ajin har sau huɗu tsakanin 1976 da 1980, amma Allah bai nufe shi da samu ba.

Mutumin da ya fara kai wannan kambi Meksiko shi ne Julio Cesar Gonzalez, a shekarar 1976 aka haife shi, ya rasu a 2012. Wata uku kacal ya yi bisa sarautar. Duk da haka masu bin tarihin dambe ba su manta da shi ba, domin hanyar da ya bi ya same ta, da kuma irin mutanen da ya yarda ya tsaya a gabansu.

ASALINSA

An haifi Gonzalez ran 30 ga watan Yuli, 1976, a garin Guerrero Negro da ke cikin jihar Baja California Sur, a wani dogon zirin ƙasa da ya miƙe cikin tekun Fasifik a yammacin Meksiko. Gari ne na hamada, wanda aka kafa cikin shekarun 1950 saboda aikin gishiri, kuma ma'aikatar gishirin da ke wurin tana cikin mafiya girma a duniya. Ma'anar sunan garin da harshen Sifaniyanci ita ce Baƙin Mayaƙi, an kuwa samo sunan ne daga wani jirgin ruwa da ya farfashe a gaɓar wurin a shekarar 1858.

Kamar dubban 'yan ƙasarsa, Gonzalez ya ƙetara zuwa Amurka, ya zauna a garin Huntington Beach na jihar Kalifoniya, a can ne kuma sana'arsa ta dambe ta kafu. Amma da lokacin wasannin Olimfik na 1996 ya zo a birnin Atlanta, tutar Meksiko ya ɗauka. Ƙuri'a ba ta yi masa daɗi ba, don kuwa tun karon farko ta haɗa shi da Vassiliy Jirov na Kazakistan, wanda ya fitar da shi. Jirov ɗin nan shi ne ya ci lambar zinariya a ajin, aka kuma zaɓe shi gwanin dukkan 'yan damben da suka halarci wasannin. A cikin watan ne Gonzalez ya cika shekara 20 da haihuwa.

A shekarar 1997 ya shiga damben neman kuɗi. Dogo ne, ya kai ƙafa shida da inci biyu, amma bai faye amfani da tsawonsa wajen yin dambe daga nesa ba. Al'adarsa ita ce ya matsa wa abokin karawarsa, ya yi ta kai naushi a jiki da ka ba ƙaƙƙautawa, ko da shi ma yana sha. Ba shi da saurin ƙafa, ba shi kuma da wata gwaninta ta kauce wa bugu. Jarinsa shi ne dogon numfashi da taurin rai. Da wannan hali ya yi karo 27 a jere ba wanda ya yi nasara a kansa.

KARO BIYU NA 2001

A cikin waɗannan karawa, wadda ta fito da sunansa ita ce ta ran 2 ga watan Fabrairu, 2001, a birnin Columbus na jihar Ohio, inda ya gamu da Julian Letterlough, wani Ba'amurke mai mugun nauyin hannu. An nuna wasan a talbijin, jama'a kuwa suka ga abin da ba kasafai ake gani ba. Sau biyar ana kai mutum ƙasa cikin turmi 12. Letterlough ya faɗi sau biyu, Gonzalez ya faɗi sau uku, kuma ɗaya daga cikin faɗuwar tasa ta yi munin da 'yan kallo suka ɗauka magana ta ƙare. Sai ya miƙe kafin alƙalin wasa ya gama ƙirga goma, ya ci gaba da matsawa, a ƙarshe alƙalan maki uku duk suka ba shi nasara.

Wannan nasara ce ta buɗe masa ƙofar karawa da Roy Jones, wanda a lokacin yake riƙe da kambin manyan ƙungiyoyin dambe uku, watau WBA da WBC da IBF, kuma masana da dama suna ganin babu ɗan damben da ya kai shi a duniya, ko a wane aji. Suka haɗu ran 28 ga watan Yuli, 2001, a zauren Staples da ke Los Angeles. Tun a turmin farko Jones ya kai shi ƙasa, ya sāke a turmi na 5, ya kuma ƙara a na 12. Bambancin gwaninta a fili yake, makin alƙalai ma ya nuna haka. Amma Gonzalez ya tashi dukkan sau ukun, kuma ƙararrawar ƙarshe ta same shi a tsaye. Wannan shi ne karo na farko da aka cinye shi tun da ya fara damben kuɗi.

Bai ja da baya ba. Ya koma yana tattara nasarori, har a watan Janairu na 2003 ya ci Glen Johnson ɗan ƙasar Jamaika da ɗan rinjayen maki. Darajar wannan nasara ba ta bayyana sosai ba sai a shekarar 2004, sa'ad da Johnson ya sumar da Roy Jones kansa, sa'an nan ya ci Antonio Tarver.

DAREN HAMBURG

A can Jamus kuwa akwai wani sarki a wannan aji, Dariusz Michalczewski, haifaffen birnin Gdansk na ƙasar Folan, wanda ya koma Jamus da zama a 1988. Tun 1994 yake riƙe da kambin ƙungiyar WBO, ya kuwa kare shi sau 23. A 1997 ya ci Virgil Hill ya haɗa da kambin WBA da na IBF, daga baya waɗannan biyu suka fita hannunsa ta hanyar dokokin ƙungiyoyi, ba don wani ya buge shi a fage ba. Saboda haka masu bin salsalar sarauta, waɗanda ke cewa ba a gadon zakara sai an kā da shi, suna ɗaukarsa shi ne zakaran ajin na ainihi. An yi shekaru ana neman a haɗa shi da Roy Jones, amma abin bai yiwu ba, kowannensu ya tsaya a nahiyarsa.

Ya zuwa watan Oktoba na 2003 Michalczewski ya yi karo 48, ya ci duka. Saura nasara ɗaya ya kamo Rocky Marciano, zakaran masu nauyi na Amurka wanda ya yi ritaya da nasara 49 ba faɗuwa. Saura biyu kuma ya kamo Joe Louis, wanda ya kare kambinsa sau 25. Don a cika wannan lissafi ne aka gayyato Gonzalez zuwa Hamburg, garin da kamfanin Universum mai shirya wa Michalczewski wasanni yake. A ganin masu shirin, mutumin da Jones ya kayar sau uku ba zai ɓata biki ba. Ga shi kuma sanannen abu ne a duniyar dambe cewa baƙo ba ya cin mai gida da maki cikin sauƙi.

Ran 18 ga watan Oktoba aka shiga fage. Michalczewski yana da shekara 35, Gonzalez yana da 27. Makamin mai gida shi ne miƙaƙƙen naushin hagu mai ƙarfi, wanda da shi ya saba gajiyar da abokan karawarsa kafin ya gama da su a turamen ƙarshe. Gonzalez ya sha wannan naushi, amma bai fasa aikinsa ba. In an ba shi ɗaya sai ya rama da biyu ko uku, yana haɗawa da na ƙasan haɓa da na haƙarƙari, har fuskar zakaran ta kumbura ta yi jini. Turamen ƙarshe da aka saba ganin baƙi suna karaya suka zo suka wuce, ɗan Meksiko yana nan yana jifa.

Da aka tattara takardun alƙalai, ɗaya ya ba Michalczewski da maki 115 da 113, sauran biyu suka ba Gonzalez da 116 da 112. Sarautar shekara tara ta faɗi a gaban mutanenta, lissafin Marciano ya tsira, Meksiko kuma ta sami zakaranta na farko a ajin laba 175. Michalczewski bai sāke dawowa daidai ba. Karo ɗaya ya ƙara yi, a 2005, Fabrice Tiozzo na Faransa ya buge shi, daga nan ya ajiye safar dambe.

SARAUTAR KWANA 91

Zakaran da ya sha irin wannan wahala kan so ya koma gida ya huta, ya kare kambinsa sau ɗaya ko biyu a gaban 'yan uwansa. Gonzalez bai sami haka ba. Ran 17 ga watan Janairu, 2004, ya sāke komawa Jamus, a birnin Karlsruhe, don ya kara da Zsolt Erdei na ƙasar Hangari, wanda shi ma ɗan kamfanin Universum ne, kuma mai lambar tagulla ta wasannin Olimfik na 2000. Erdei gajere ne a kansa, amma ya fi shi sauri da iya taku. Ya ƙi tsayawa a yi musayar bugu, sai ya shiga ya buga ya fita, har turmi 12 suka cika, alƙalai duka suka ba shi. Kwana 91 ke nan tsakanin hawan Gonzalez da saukarsa. Erdei kuwa ya riƙe kambin har 2009 ba wanda ya karɓe shi a hannunsa, abin da ya nuna ba a hannun rago sarautar ta faɗa ba.

Gonzalez ya sāke ɗaura ɗamara. A watan Mayu na 2005 ya ci Montell Griffin, tsohon zakaran duniya, wannan ya ba shi damar neman kambin IBF da ke hannun Clinton Woods na Ingila. Nan ma gidan mai sarauta ya bi, watau birnin Sheffield, mahaifar Woods. Suka kara ran 9 ga watan Satumba, 2005, aka kai turmi 12, Woods ya ci da maki. Bayan shekara biyu, a watan Satumba na 2007, ya sāke komawa Sheffield, sakamakon bai sāke ba.

In aka duba za a ga sau biyar Gonzalez ya shiga karawar sarautar duniya, huɗu daga ciki a Turai, a inda abokin karawarsa yake da gata. Dukkan biyar ɗin kuma sai da aka kai turmi na 12. Yana kuma cikin 'yan ƙalilan da suka gwabza da Jones da Michalczewski duka biyu, sarakunan nan da ba su taɓa haɗuwa da juna ba.

ƘARSHEN TAFIYA

Irin damben da ake karɓar bugu don a rama ba ya barin jiki ya daɗe. A farkon 2008 Reggie Johnson, wanda ya haura shekara 40, ya ci shi da maki. A watan Agusta na shekarar, a birnin Chicago, aka haɗa shi da Tavoris Cloud, wani matashi da ke tashe wanda kusan duk abokan karawarsa na baya bai bar su sun kai ƙarshen wasa ba. Gonzalez ya jure har turmi na 10 kafin a tsai da wasan. Wannan ne karo na farko cikin shekara 11 da aka hana shi jin ƙararrawar ƙarshe. Daga nan tauraronsa ya dushe. Jimlar karawarsa 49 ce, ya ci 41, a ciki 25 bugun kwaf ɗaya ne, aka ci shi sau 8.

Ya koma ƙasarsa ta haihuwa. Ran 10 ga watan Maris, 2012, yana tafe a kan babur a yankin Guerrero Negro, wata mota ta banke shi, ya rasu. Rahotannin lokacin sun bayyana cewa direban motar a buge yake da giya. Shekarun Gonzalez 35 a duniya. Abokin karawarsa na daren Columbus, Julian Letterlough, ya riga shi tafiya tun 2005, sa'ad da aka harbe shi a garin Reading na jihar Pennsylvania.

Ba a lissafa Gonzalez cikin gwanayen gwanaye na dambe, shi ma tarihin wasanninsa bai nemi a yi haka ba. Jones ya fi shi baiwa, Erdei ya fi shi dabara, Woods ya ci shi sau biyu. Abin da ya mallaka shi ne yarda ya je duk inda aka kira shi, da kuma tashi duk sa'ad da aka kai shi ƙasa. Da wannan ya samo wa Meksiko kambin da manyan 'yan dambenta suka nema shekaru da dama ba su samu ba, sunansa kuwa shi ne na farko a jerin 'yan ƙasar da suka riƙe sarautar duniya a ajin laba 175.