Elizabeth Fry, Matar da Ta Kai Allura da Zare Gidan Yari

'Yan uwa mata, a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu na bana, mun zaɓo muku tarihin wata Baturiya da ta tsaya kai da fata sai an biya mata fursunoni ladan aikinsu.

An haifi Elizabeth Fry a garin Norwich na Ingila a 1780, a gidan masu hannu da shuni. Ta yi aure a 1800, Allah ya ba ta 'ya'ya 11. A 1813 ta shiga kurkukun Newgate da ke Landan, inda ta tarar da mata kusan 300 cunkushe da 'ya'yansu, suna kwana a ƙasa, wasu ko suturar kirki babu. Ba aikin fari ba na baƙi, sai faɗa da caca.

Da farko tufafi ta riƙa kai musu. To amma kun san sadaka, yau akwai gobe babu. A 1817 ita da wasu mata, su 12, suka kafa ƙungiya. Suka kawo yadi da allura da zare, aka koya wa fursunonin ɗinki da saƙa. Abin da suka ɗinka a sayar, kuma mai aikin a ba ta kuɗinta, ta sayi 'yan abubuwan buƙata, ranar fita kuma kada ta fita hannu rabbana, yunwa ta sake jefa ta cikin sata. Hatta matan da ake kora zuwa Ostareliya, sai an bi su har jirgin ruwa da ƙunshin ƙyallaye da zare, su haɗa mayafan gado a hanya su sayar in sun sauka.

A 1818 ta ba da shaida gaban kwamitin majalisar dokoki, a 1823 kuma aka yi dokar da ta ce mata ne za su riƙa tsaron mata. Bankin mijinta ya karye a 1828, arziki ya ja baya, amma ba ta saki aikin ba har ta rasu a 1845. A 2002 aka sa hotonta a takardar fam 5.

In fursuna ta cancanci ladan guminta, ina ga yarinyar da ke taya mu suyar ƙuli-ƙuli ko ɗaurin kaya? Kwanon masara ya tashi, kuɗin mota ya tashi. Kowaccenmu ta duba yaushe rabon da ta ƙara mata wani abu.