Nana Asma'u: Malamar da ta aika waƙoƙinta ƙarƙashin malfa

Duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a fadar Daura ya san cewa tun kafin sanƙira ya buɗe baki, rawani da alkyabba sun riga sun sanar da jama'a matsayin mai su. A garin da tarihinsa ya fara da sarakuna mata har zuwa Daurama, kuma sarautar Magajiya ke nan daram, ba baƙon abu ba ne a ga mace da alamar iko. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, ta fahimci wannan sirri na sutura, ta kuma yi aiki da shi wajen isar da waƙoƙinta ga matan karkara.

An haife ta a Ɗegel wajen shekarar 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Tana ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta tashi cikin ƙaura da yaƙe-yaƙen jihadi, waɗanda suka kai har Daura, inda Malam Isiyaku ya riƙe tutar Shehu. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ayyukanta da suka iso wannan zamani sun kai kimanin 60. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, gidan da wasiƙun daula ke shiga suna fita.

A irin wannan gida, waƙa kan tsaya a matsayin wasiƙa. A 1822, lokacin da abokan gaba suka matsa wa daular, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko da saƙo cikin baitoci, ita kuma ta mayar masa da amsa da waƙa, wadda haruffan farkon baitocinta suka haɗa ayar Suratul Inshirah mai bushara da sauƙi tare da tsanani. Ta kuma yi musayar baitoci da malamai baƙi, har da na ƙasar Shinƙiɗi, wato Muritaniya ta yau. A ƙarni na 20 ne masu fasaha a Amurka, irin su Ray Johnson na birnin New York, suka shahara da aika ayyukansu ta gidan waya, mai karɓa ya ƙara nasa ya mayar. Malaman Sakkwato sun daɗe suna yin makamancin haka da alƙalami da tawada.

Sai dai takarda ba ta da amfani ga wadda ba ta iya karatu ba, kuma haka yawancin matan ƙauyuka suke, da dama cikinsu ma yaƙi ne ya kawo su, suna riƙe da bori. Matan aure kuwa ba su da halin barin gida su je birni neman ilimi. Saboda haka Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa kowace a matsayin jaji. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin malamar, su haddace waƙoƙi kan tauhidi da tsarki da salla da kyautata zamantakewa, sannan su koma su rera wa na gida. Kyaututtukan da suka kawo, kamar hatsi da zuma da man shanu, takan raba su ga mabuƙata.

Alamar wannan muƙami ita ce malfa, babbar hula ta saƙar ciyawa mai laushi, wadda ake naɗe ta da jan ƙyalle. Zaɓin ba na banza ba ne. A Gobir, Inna, shugabar mata kuma uwar 'yan bori, ita aka sani da irin wannan malfa. Asma'u ba ta haramta hular ba, ɗaukar ta ta yi ta ɗora a kan malamai. Macen ƙauye da ta saba rusunawa idan ta ga malfa, sai ta ci gaba da rusunawa, amma abin da ke fitowa daga bakin mai malfar ya zama karatu. Haka kuma hular ta zame wa jaji shaida a kan hanya, kowa ya gan ta ya san manzon 'yar Shehu ce.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, kuma tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa tarin ayyukanta. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Arewa suna ɗauke da sunanta a yau, yayin da sauran 'yan mata masu yawa a ƙauyukan Katsina da Sakkwato ke jiran wanda zai kai musu karatu har ƙofar gida, kamar yadda jajinta suka yi.