Willi Hennig, Bajamushen Da Ya Nuna Wa Masana Cewa Kama Da Wane Ba Ta Wane

'Yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan da Agege da Fatakwal, duk wanda ya taɓa bin hanyar Lokoja zuwa Abuja ya ratsa Yangoji, cikin ƙasar Kwali. A fadamun wannan yanki akwai tarwaɗa, akwai gaiwa, ga kuma shanun Fulani suna kiwo a bakin ruwa. To, da za a tambayi mutum wanne ya fi kusa da gaiwa a dangantaka, tarwaɗa ko saniya, sai ya yi dariya ya ce ai kifi ɗan'uwan kifi ne. Masanan halittu kuwa saniya suka zaɓa. Mutumin da ya shimfiɗa musu hanyar kai wa ga wannan hukunci shi ne za mu ba da tarihinsa yau.

An haifi Willi Hennig ran 20 ga Afrilu, 1913, a wani ƙauye da ake kira Dürrhennersdorf, a gabashin Jamus. Ɗan talakawa ne, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa. A 1932 ya shiga jami'ar Lafzig, yana karatu yana kuma taimakawa a gidan adana halittu na Diresdin, inda wani malami mai suna Fritz van Emden ya jawo hankalinsa ga nazarin ƙudaje da sauro da danginsu. Ya sami digirin dakta a 1936, sa'an nan ya kama aiki a cibiyar nazarin ƙwari ta Jamus da ke Balin.

Bai daɗe ba aka ɗauke shi soja, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. An yi masa mummunan rauni a Rasha a 1942, da ya warke aka tura shi Italiya aikin yaƙi da sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. A watan Mayu na 1945 sojan Ingila suka kama shi, suka ga saninsa, suka sa shi ya ci gaba da wannan aiki a ƙarƙashinsu. Cikin wannan zaman tsare ne ya rubuta daftarin littafinsa kan yadda za a tsara halittu bisa asalinsu. Matarsa Irma ta taimake shi ƙwarai, don ita ke kwafo masa abin da yake bukata daga littattafai tana aika masa a lokacin yaƙi. Littafin ya fito a 1950, da Jamusanci.

Kafin zamaninsa, galibin masana suna haɗa halittu a rukuni ɗaya ne in sun ga sun yi kama da juna a dunƙule. Hennig ya nuna kama iri uku ce, kuma ɗaya ce kawai shaida. Ta farko ita ce tsohon gado, watau siffar da aka gada tun daga kaka na nesa, wadda dangi da yawa suka riƙe. Ta biyu sabon gado, watau siffar da ta fara bayyana a jikin kaka na kusa, zuriyarsa kaɗai suka gaje ta. Ta uku kamar da sana'a ɗaya ta haifar, kamar fiffiken jemage da na tsuntsu, alhali jemage haihuwa yake yi ya shayar da 'ya'yansa.

Ku da ke zaune a kudu kun fi kowa gane wannan. In baƙo ya shiga Sabo, zai ga kowa na jin Hausa, kowa da riga da hula. Wannan ya nuna masa duka 'yan Arewa ne, amma ba zai gaya masa wane ne wan wane ba, don gado ne na kowa da kowa. Sai ya ga mutum biyu da tsagar gida ɗaya, wadda sauran ba su da ita, sa'an nan ya fara zaton kakansu ɗaya na kusa.

Mu koma fadama. Gaiwa da tarwaɗa duka suna zaune a ruwa, suna da gaɓoɓin shaƙar iska daga ruwa, suna da filafilan iyo. Hennig ya koyar da cewa a duba dangi na nesa don a gane ko siffa tsohuwa ce. Da aka duba, sai aka tarar kifayen teku masu guringuntsi maimakon ƙashi, waɗanda suka rabu da su tun da daɗewa, su ma suna da waɗannan siffofi. Ke nan tsohon gado ne, ba ya raba gardama. Amma filafilin gaiwa yana haɗe da kafaɗarta ta ƙashi guda ɗaya, kamar yadda ƙafar gaba ta saniya take, kuma zuciyarta ta soma rabuwa gida biyu, da jijiya ta musamman mai komo da jini daga huhu. Tarwaɗa ba ta da waɗannan. Su ne sabon gado da ya haɗa gaiwa da masu ƙafa huɗu. A 2021 aka gama karanta ƙwayoyin gadon gaiwar Afirka da ta Ostareliya, binciken kuwa ya goyi bayan wannan hukunci. Ta wannan hanya ce har wa yau aka gane kada ya fi kusa da tsuntsu bisa ga yadda yake da damo, ko da yake ido na ganin akasin haka.

Littafin na 1950 bai yi kasuwa ba, don Jamusancinsa mai tsauri ne, kuma Jamus ta wancan lokaci a rabe take. Shi kansa Hennig yana kwana a Balin ta yamma, yana aiki a ta gabas. Da aka gina katangar Balin a watan Agusta na 1961 ya ajiye aikin, a 1963 kuma gidan adana halittu na Shututgat ya ɗauke shi, ya zauna a garin Ludwigsburg yana nazarin ƙudajen zamanin da, waɗanda suka maƙale cikin ƙaron itatuwa da ya daskare shekaru miliyoyi.

Sai a 1966, da aka buga sabon littafinsa da Ingilishi a Amurka, duniya ta farga. Gardama ta tashi. Babban masani Ernst Mayr na jami'ar Habad ya soki hanyar a 1974, yana ganin ya kamata a lissafa yawan bambancin da ke tsakanin halittu, kada a tsaya ga inda reshe ya rabu kawai. Hennig ya mayar masa da amsa a rubuce. Samarin masana a Landan da Niyok suka rungumi hanyarsa, daga baya aka koya wa kwamfuta yin lissafin, ta zama ita ce ake koyarwa a jami'o'i.

Bai ga cikar nasarar ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 5 ga Nuwamba, 1976, a Ludwigsburg, yana da shekara 63. A 1980 aka kafa ƙungiyar masana da sunansa.

Amfanin aikinsa ya iso har ƙofar gidanmu. Ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare, irin wanda aka tono a ƙasar Sakkwato aka sa masa suna Goronyosaurus, da Nigersaurus na Jamhuriyar Nijar da aka raɗa wa suna a 1999, da wannan ma'auni ake nema musu dangi. Likitoci ma da irin wannan bishiyar asali suke bin sawun ƙwayar zazzaɓin Lassa da ta korona, su gane daga ina ta taso, ta wace hanya ta bi. Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen ƙudaje, shi ya bar wa duniya wannan ma'auni. Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, amin.