Shehu Laminu da Mayaƙansa Makiyaya

Duk wanda ya tashi tsakanin Nguru da Gashuwa ya san hawan salla. Mahaya su jeru sahu, su saki linzami su taho a guje da masu a ɗage, sai sun zo dab da sarki su ja su tsaya cik. Da yawanmu mun ɗauke shi abin kallo ne kurum. Amma irin wannan gwaninta ta taɓa tsamo ƙasar Barno daga halaka, kuma ina so in ba ku labarin mutumin da ya san darajarta, watau Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi, wanda Barebari ke kira Shehu Laminu.

An haife shi wajen 1776 a ƙasar Fezzan, can kudancin Libiya ta yau. Ubansa malami ne, mutumin Kanembu, uwarsa kuwa Balarabiya ce. Tun yana saurayi ya bi ubansa aikin hajji. Uban ya rasu a Madina, shi kuwa ya zauna ƙasashen gabas shekaru yana neman ilmi. Da ya komo sai ya sauka Ngala, kudu da Tafkin Chadi, yana karantarwa. A nan ne ya shaƙu da Kanembu dangin ubansa da Larabawan Shuwa, dukansu makiyaya. Ba sarauta gare shi ba, ba kuma runduna, sai dai almajirai da abokai.

A zamanin nan Mai na Barno yana zaune a Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen 1470. Kufansa na nan har yau gabas da Gashuwa, wajen Gaidam. Galadiman Barno kuwa yana Nguru, shi ke tsaron ƙofar yamma. Bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma jihadi a 1804, sai Fulanin da ke kiwo a yammacin Barno su ma suka tashi. Suka fara karya Galadima, sa'an nan a 1808 Gwani Muktar ya ci Gazargamu kanta. Mai Ahmadu, tsoho ne ga makanta, ya fita ya bar wa ɗansa Dunama sarauta. Gidan da ya yi ɗaruruwan shekaru yana mulki ya wayi gari ba shi da birni.

Da Mai Dunama ya rasa mafita, sai aka ba shi labarin malamin Ngala. Ya aika aka kira shi. Malam Laminu ya zo da mutanensa, suka haɗu da sauran rundunar Mai, suka ƙwato birnin, Gwani Muktar ya faɗi a fagen fama. Ba a daɗe ba Malam Zaki na Katagum ya sāke kawo hari, aka sāke neman malamin. A ladan wannan aka ba shi ƙasa a Ngurno, kusa da tafki, kuma a 1814 ya gina garinsa, Kukawa.

To, su wane ne mutanen nan da suka iya abin da ya gagari fadawan Mai? Kanembu dakaru ne, a ƙasa suke yaƙi. Makaminsu mashi ne da doguwar garkuwa ta wani icce marar nauyi da ke tsirowa a bakin Tafkin Chadi. Larabawan Shuwa kuwa mahaya ne, masu shanu da dawaki, matansu na hawan takarkari in za a yi ƙaura. Manyan mashawartan Shehu ma daga cikinsu suke, irin su Malam Tirab da Ibrahim Wadaima da Ahmadu Gonimi. Ba wanda ya tara mutanen nan a bariki ya koya musu soja. Yaron da ya tashi a bayan garke ya saba da ƙishirwa da doguwar tafiya. Ya koyi jifa yana korar kura daga maruƙa, ya koyi zama bisa doki yana tsere da sa'o'insa, ya koyi juriya a fagen kokawa. Wasansu shi ne makarantarsu. Haka ma abokan gābansu, gama Fulani makiyaya ne, masu baka da kibiya, kuma kowa ya ga sharo ya san inda suke koyon cije haƙori. Ashe yaƙin Barno na lokacin, makiyaya ne suka kara da makiyaya, mutanen birni suna kallon ƙarfinsu yana zubewa.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. A watan Fabrairu na 1823 Turawan Ingila uku, Denham da Clapperton da Likita Oudney, suka iso Kukawa bayan sun ƙetare Sahara daga Tarabulus. Denham ya rubuta yadda dubban mahaya suka tarye su a bayan gari, wasu sanye da sulke da kwalkwali, suna sukuwa a kansu suna tsayawa dab da su ba tare da sahu ya ɓaci ba. Wannan ita ce jahin da muke gani yau. Ya sami Shehu zaune bisa darduma a wani ƙaramin ɗaki, da riga baƙa ta shuni da rawani, ba wani ado. Amma da ya je gaida Mai Ibrahim, sai ya tarar da fadawa sun cusa tsummoki a ciki don a ce masu ƙiba ne, sun naɗa rawuna manya manya, ga riguna bisa riguna. Wanda ya yi wannan shiga ina zai iya sukuwa? Ko ba a faɗa ba, mai karatu ya gane hannun da mulki zai koma.

A shekarar nan ce kuma Mangawa, mutanen wannan yanki namu, suka tayar a ƙarƙashin wani malami, Fanami. Maharba ne masu kibiya mai dafi, Barno duka tana shakkarsu. Shehu ya fito da rundunarsa ya sauka kusa da kogin Yobe, Denham na tare da shi. Ya nuna musu ƙarfi, amma bai so ya ƙare mutanen da ƙasa ke bukatar bakansu ba. Da Malam Fanami ya zo ya yi mubaya'a, jama'a na jiran a kashe shi, sai Shehu ya sa aka tufasar da shi da riguna da rawani, ya sallame shi. A ganina wannan ya fi cin gari goma nuna hankalinsa.

A 1824 ya karya rundunar Bagirmi a Ngala, gabas ta kwanta. Daga nan ya juya yamma, ya doshi Kano a ƙarshen 1826, amma Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi, tilas ya koma. Tun daga lokacin iyaka ta tsaya, Haɗeja da Katagum suna bin Sakkwato, Nguru tana bin Barno. Badawa kuwa, da suka ga sun zama ciyawa tsakanin giwaye biyu, suka taru a ƙarƙashin Lawan Babuje suka kewaye Gogaram da ganuwa. Shehu bai yi faɗa da mashi kaɗai ba. Ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci, Bello kuma ya adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Kada mu rufe ido ga abin da ba shi da kyau. Dawakin nan da suka ceci Barno, su ne kuma aka riƙa kai hari da su kudu ana kamo bayi. Kokawar da Denham ya kalla a Kukawa ma ta bayin manya ce, wanda aka kayar har akan kai shi kasuwa don fushin ubangijinsa. Gwaninta dabam, abin da aka yi da ita dabam.

Shehu Laminu ya rasu a Kukawa a 1837. Har ya mutu bai karɓi sunan Mai ba, ya bar wa tsohon gidan gadonsa, shi ya riƙe iko. Ɗansa Shehu Umaru ne ya kawo ƙarshen sarautar Sefawa a 1846, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Barno har yanzu.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan gado ba. A ƙasar Mongoliya, inda makiyaya suka taɓa kafa daula mai girma a hannun Jengis Khan, kowace shekara a watan Yuli ana bikin Naadam, ana gasar kokawa da harbin baka da sukuwa. Sun mai da wasannin kakanninsu abin alfaharin ƙasa duka, ba su bar su sun zama na ƙauyawa ba.

Mu fa? A makarantar mishan inda na yi firamare an koya mini ƙwallo da tsalle da guje-guje, na kuwa gode. Amma langa da kokawa sai an tashi muke yinsu a bayan gari, kamar abin kunya. Ga shi tun 1989 gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya, wasu daga cikinmu kuwa lalle za a tura su koyarwa a ruga, ko a ƙauyukan da ke bakin fadamun Nguru da Gashuwa. Yaron da zai zo mana da sanda a kafaɗa ba jahili ba ne. Ya san ƙirga shanu, ya san taurari, ya san jimiri fiye da mu. In mun raina abin da ya zo da shi, uban zai janye shi, mu ne kuma da asara.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai. Ranar wasannin kwaleji a sa kokawa da langa cikin jerin gasa. In mun je hutu, kowa ya zauna da tsoho guda ya rubuto sunayen kayan doki da ka'idodin wasannin garinsu, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Badanci, mu kawo wa editan wannan mujalla. Shehu Laminu malami ne kamar yadda muke fatan zama, ya karanta littattafai har Madina, duk da haka bai ga ƙasƙanci ba wajen zama da masu kiwo. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu basirar riƙe abin da suka bari.