Marigayi Abubakar Imam: Ɗan Jaridar Da Ya Je Ingila Bai Ruɗe Ba

A wannan mako za mu tuna da marigayi Alhaji Abubakar Imam, editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda ya shiga cikin manyan Turawa yana baƙo, ya fito da hankalinsa a jikinsa.

An haife shi a garin Kagara cikin 1911, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja ta Nijeriya. Mahaifinsa malami ne kuma alƙali, saboda haka da karatun allo ya fara. Daga baya ya shiga Kwalejin Katsina, ya gama a 1932, ya zama malamin makaranta a Katsina.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East ya shirya gasar rubuta labaran Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, labarin matafiyin da ke faɗawa garuruwan da bai san al'adunsu ba, shi da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, kowa na ƙulla wa ɗan'uwansa tsiya. Duk wanda ya taɓa sauka kasuwar da bai jin harshenta, ya san irin wannan abin dariya. East ya ga gwanintarsa, ya ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da littattafan Turai, ya sa musu rigar Hausa.

Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi aka ba edita. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, mai karatu ɗaya kuwa ya kan tara jama'a a gindin bishiya yana karanta musu.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Turawa suka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, su je su ga Ingila. Imam kaɗai ne ɗan Arewa. Cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot, wanda ya yi karatu a Amurka, ya saba da Turawa da ɗabi'unsu. Imam kuwa malamin Katsina ne, ga sabon abinci, ga sabuwar al'ada, ga manyan mutane ana gabatar da shi gare su.

A can abokan tafiyarsa suka rubuta takardar neman mulkin kai, suka miƙa wa hukumar Ingila. Imam ya ƙi sa hannu, don yana ganin mutanen Arewa ba su aiko shi da wannan saƙo ba, kuma ilmin boko bai yaɗu a Arewa kamar Kudu ba. Har yau akwai masu ganin ya yi jinkiri, akwai masu ganin ya riƙe amana.

Wani abu da ya shafe mu a nan Sudan shi ne ganawarsa da Lugga. Wannan Lugga shi ne gwamnan da sojojinsa suka ci Sakkwato a 1903, har Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a bakin Kogin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno. Kakannin wasunmu cikin wannan ayari suka zo. Shekara arba'in bayan haka sai ga Bahaushe zaune gaban tsohon gwamnan. Bai tsaya ga gaisuwa da godiya ba. Ya bayyana masa damuwar matasa masu ilmi game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e, daga baya ma ya rubuta masa a wasiƙa.

Da ya komo gida, ya tara abin da ya gani cikin littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, cikin Hausa mai sauƙi, don wanda bai taɓa barin garinsu ba. Ya halarci taron tsarin mulki na Ibadan a 1950, ya shiga majalisa a 1951, daga baya ya bar siyasa ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Arewa. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

Mu da muke fatauci tsakanin Gadarif da Fashaga da Galabat da Matamma, kullum baƙi muke a gaban wani: yau Larabci, gobe harshen Habasha, jibi takarda mai hatimi ana jiran sa hannu. Imam ya nuna cewa baƙo yana iya girmama mai masauki, ya kuma karanta takarda kafin ya dangwala. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.