Charlie Chaplin: Ya Ba Duniya Dariya Bai Ce Uffan Ba

Duk wanda ya saba zuwa silima ya san wanda ake ce wa cali, watau mai ban dariya na cikin fim. To, sunan nan ba nesa yake da na Charlie Chaplin ba, wani ɗan siririn Bature mai guntun gashin baki da ƙaton takalmi da 'yar sanda.

An haife shi a birnin Landan ran 16 ga watan Afrilu, 1889. Iyayensa mawaƙa ne na gidajen wasa. Uban ya bar gida, giya kuma ta ƙarasa shi a 1901, uwar kuwa ta sami taɓin hankali. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta. Wasa a dandali shi ya fisshe shi, har ƙungiyar wani mai suna Fred Karno ta tafi da shi Amurka a 1910.

A can ya tarar da majigi yana tashe, hoto ne mai motsi amma ba murya. A 1914 ya fara fitowa a fim ɗin kamfanin Keystone, ana biyansa dala 150 a mako. Bayan shekara biyu kacal kamfanin Mutual ya sa masa dala 670,000 a shekara. Dalili kuwa a fili yake. Mai wasa a dandali sai wanda ya zo zauren ne zai gan shi, amma fim ana juya shi da yawa a aika ƙasa ƙasa cikin jirgin ruwa. Tun da kuma ba magana a ciki, ba a bukatar tafinta. Lebura mutumin Italiya da ya sauka Niwyok jiya, bai iya ko gaisuwa da Turanci ba, dariyarsa ɗaya da ta mutumin Faransa ko Japan. Wanda suke kallo ɗin ma kamarsu yake, baƙo ne marar masauki, kullum ɗan sanda na bayansa, amma bai yarda ya zubar da girmansa ba. Da ya ziyarci Landan a 1921, dubban mutane suka cika tituna don su gan shi.

Sai ga shi a 1927 an fito da fim mai magana. Kamfanoni suka rungume shi, Chaplin ya ƙi, don ya san ran da calinsa ya buɗe baki da Turanci, ya zama na masu jin Turanci kaɗai. A 1936 ya yi Modern Times, inda ya fito a matsayin ma'aikacin masana'anta mai ɗaure noti, kaya na wucewa gabansa da gudu, har hannuwansa suka kasa daina motsi ko an tashi aiki, daga baya inji ya haɗiye shi. Mai kamfanin yana leƙen ma'aikata ta wani babban allo har cikin makewayi. Abin lura, kusan duk maganar da ake ji a fim ɗin daga bakin na'ura take fitowa. Shi kuwa da ya tashi yin waƙa, sai ya yi ta da wani yare da ya ƙaga, wanda babu mai jinsa.

Hitila ne ya sa shi magana sosai. Kwana huɗu ne tsakanin haihuwarsu, gashin bakinsu iri ɗaya, shi ma kuma da rediyo da majigi ya ja mutanen Jamus. A 1940 Chaplin ya yi The Great Dictator, ya mai da shi abin dariya.

Jaridun da suka ɗaga shi su ne kuma suka juya masa baya. Gaskiya shi ma ya ba su ƙofa, don sha'aninsa da 'yan mata ƙanana bai yi kyan ji ba. Aka haɗa da zargin kwaminisanci, ana kuma yi masa gorin ya yi kusan shekara arba'in a Amurka bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba. A watan Satumba na 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan, gwamnati ta soke izininsa na komawa. Ya zauna a Suwizalan, bai sake taka Amurka ba sai 1972, da aka kira shi karɓar lambar girma ta Oscar.

Ya mutu ran 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88. A watan Maris na 1978 wasu mutum biyu suka tone akwatin gawarsa suna neman kuɗi daga iyalinsa. Bayan mako goma sha ɗaya 'yan sanda suka kama su, aka sami akwatin binne a wata gona.